Wanda Ya Riƙe Hannun Ummi

Samarin da ke zama a bencin ƙofar shagona suna cajin waya sun mai da ni abin tsokana. Kullum sai ɗayansu ya ɗaga waya ya ce, "Baba Ilu, tsaya in ɗauke ka kyauta, ka huta da wannan tsohon ƙarfen naka." Su fashe da dariya, ni ma in taya su, don ƙarfin musu ya ƙare mini. A wurinku ɗaukar hoto danna yatsa ne kawai. To, tunda kun dame ni da tambaya a kan hoton nan da ke yawo a wayoyinku, wanda aka zagaye hannun mutum da jan layi, zan gaya muku yadda aka yi. Ni na ɗauke shi. Amma sai kun fara jin yadda aikin yake, in ba haka ba za ku ji labarin ku fassara shi yadda kuka saba.

Na koyi hoto a nan Gumel wurin Oga Lasisi, wani Bayarabe da ya zauna a garin nan har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Na daɗe a shagonsa ban taɓa kyamara ba. Aikina shara, wanke labulen da ake ratayawa bayan mutum, da ɗebo ruwan ɗakin duhu. Zafin bazarar garin nan yana lalata maganin wankin hoto, shi ya sa Oga yake ajiye kwalabensa cikin randa, randar kuma a binne cikin jiƙaƙƙen yashi. Ni ne mai jiƙa yashin. Ranar da na manta, hotunan wani ango suka fito ruwan ƙasa kamar an tsoma su a shayi, na sha rankwashin da har yau in na tuna sai na shafa kaina.

Aikin farko da ya fita da ni, wani falke ne a kasuwar Maigatari ya ce a ɗauke shi da bijiminsa kafin ya sayar. Na zaci da mun isa za a danna a wuce. Oga ya kafa sandar kyamara mai ƙafa uku, ya dubi rana, ya ce a juya bijimin. Aka juya. Ya ce mutumin ya koma ta hagu don inuwar ƙaho ta faɗo masa a fuska. Ya sa ni na share kashin shanu daga gaban ƙafarsa, ya gyara masa wuyan riga, ya kori 'yan kallo da suka cika bayansa. Sai da rana ta gasa mu sannan ya danna, sau ɗaya tak. A hanyar dawowa ya ce mini, "Iliya, kyamara ba ta da hankali. Abin da ka jera a gabanta shi za ta kwaso. Aikinmu jera mutane ne, dannawa ko akuya ta iya."

A lokacin fim ake amfani da shi, kuma fim ɗaya ba ya ɗaukar hoto da yawa. Mai kala sai an kai Kano a wanke, ka jira direba ya dawo da shi kafin ka san ko ka yi aiki ko ka yi ɓarna. Ba kamar ku ba da za ku danna ɗari ku zaɓi ɗaya. In amarya ta rufe ido, ta rufe ke nan har abada. Shi ya sa muka san halin mutane a gaban kyamara fiye da yadda suka san kansu. Mace za ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, sai ka lallaɓa ta. Namijin garuruwan nan kuwa, da ya ga kyamara sai ya gyara hula ya ɗaure fuska kamar an kira shi gaban alƙali. Mutumin da yanzun nan yake ƙyaƙyata dariya, kana cewa "a shirya" sai ya zama wani. Dariya a hoto a wurinsu rashin kamun kai ne. Ku duba hotunan iyayenku da ke rataye a ɗaki, ku gaya mini wanda ya yi murmushi.

Amma duk wahalar aikin nan ba kamar ta ƙaramin yaro. Yaro ba ya tsayuwa. Kana cewa ɗaya, biyu, ya juya ya bi kaza. Oga Lasisi yana da dabararsa, kuma ita na gada. Ba a ba uwa riƙon yaro a hoton taro, don zai cusa fuska a zaninta ka ɗauki ƙeya. Ba a ba uba, don zai tsawata masa ya fashe da kuka. Sai ka nemi baƙo, wanda yaron bai saba da shi ba, yana ɗan jin kunyarsa amma ba ya tsoronsa. Kuma ba tafin hannu ake riƙewa ba, yaro yana zare tafi kamar kifi. Wuyan hannu ake kamawa, a riƙe da ɗan ƙarfi na ɗan lokaci. Sai ka tsayar da baƙon a can gefe, yadda in an zo wanki za ka iya yanke shi. Na yi haka a Gagarawa, na yi a Sule Tankarkar, na yi wa yaran lakwal, wato 'yan bokon Nijar, da iyayensu ke tsallako da su daga Damagaram ranar kasuwa. Direba, mai sayar da rake, ladan, duk wanda ke kusa na taɓa sa shi riƙon yaro.

Da wayoyi masu hoto suka cika gari na zaci na ga shekara mafi muni. Biki ya daina kira na. Ranar Sallah, da a da layi yake kaiwa bakin titi, sai in zauna ina korar ƙuda daga labule. Na sayar da kayan ɗakin duhu, na sayi kwamfuta da firinta, na koyi abin da ban so koyo ba da furfura a kaina. Hoton fasfo ne ya riƙe ni, sai walimar saukar Alƙur'ani, don iyaye har yanzu suna son hoton sauka a cikin firem, a rataye inda baƙo zai gani. Na ce to, an ga mafi wuya, sauran sai lallaɓawa. Ashe ban ga komai ba.

Bara, bayan an gama girbi, wani Malam Habu ya kira ni Ɗanzomo walimar saukar babbar 'yarsa. Ƙafata ta daina son babur, don haka na ɗauki adaidaita shata. Direban Haladu ne, mutumin Gagarawa Tasha, yana haya a nan Gumel da matarsa da 'ya'yansa. Yawancinku kun san shi. Shi ne wanda kowace safiya adaidaitarsa take cika da 'yan firamare, suna waƙa yana taya su da hon. Iyaye sun yarda da shi har wasu ba sa fitowa ƙofa, yaro ya ji hon ya fita kawai.

Muka isa, aka ci shinkafa, aka yi addu'a. Da aka zo hoton iyali na jera su a jikin katangar zaure inda inuwa take, mai sauka a tsakiya da allonta, iyaye a baya. Sai ƙanwarta Ummi, 'yar kamar shekara biyar, ta ƙi tsayawa. An sa mata sabon hijabi ya yi mata yawa, tana ta juyi tana son ta ga yana tashi. Na duba gefe na ga Haladu a zaune a adaidaita yana cin ƙosai.

Na ce, "Haladu, zo ka kama mini yarinyar nan."

Ya goge hannu a tsumma ya zo yana dariya. Ya ce, "Hajiya Ummi, zo mu tsaya, in an gama zan zaga da ke a keke."

Na ce, "Ba tafi ba, kama wuyan hannun. Riƙe da kyau. Yauwa. A shirya!"

Yana jin "a shirya" ya miƙe ya ɗaure fuska kamar kowane namiji a layin. Na danna. Ummi ta fito tsaf, idonta a kan kyamara. Bayan nan ya cika alkawari, ya zaga da ita da ƙawayenta har bakin masallaci ya dawo da su.

Da na kai wa Malam Habu samfuri na ce masa zan yanke direban, don ba ɗan gida ba ne. Ya ce, "Haba Alhaji, mutum ya ci abincinmu ya taya mu murna, a yanke shi? Bar shi, ai ya zama ɗan gida." Aka bar shi. Aka sa a firem aka rataye.

Da damina ta faɗi, Ummi ta ɓata. An aike ta maƙwabta da rana tsaka ba ta dawo ba. Gidan ba su da wani hoton nata da fuskarta ta fito sosai sai wannan, sai wani ɗan'uwansu ya ɗauki na bangon da waya ya watsa, a taimaka da cigiya. Niyyarsa alheri ce. Bayan 'yan kwanaki aka samu gawarta a bayan gari. Ba zan faɗi yadda aka same ta ba, kun riga kun ji iri-iri, kuma uwarta tana da rai. 'Yan sanda suka kama wani mutum, yana tsare, wata mai zuwa aka ce za a fara shari'a a babbar kotu. Ba zan ambaci sunansa ba, ba kuma zan ce shi ne ko ba shi ba ne. Wannan aikin alƙali ne.

Amma ku ba ku iya jira ba. Tsakanin kamu da shari'a akwai watanni, kuma waya ba ta son shiru. Ban san wanda ya fara ba. Na dai wayi gari wani yaro ya nuna mini hotona, an yanke mai sauka, an yanke iyaye, saura Ummi da Haladu, an zagaye hannunsa da jan layi. A ƙasa an rubuta, wane ne wannan da ba ɗan gidan ba? Wani ya ce ku dubi irin riƙon, wannan riƙon ƙauna ne? Wata ta ce ita uwa ce, tana ganin fuskar nan gabanta ya faɗi, mutumin kirki ba ya irin wannan kallo. Wani da bai taɓa taka Jigawa ba ya tura saƙon murya mai tsawo yana bayanin cewa wanda aka kama ɗan aike ne, wannan ne ubangidan. Kafin la'asar an samo sunansa, unguwarsu, da lambar adaidaitarsa. Sai wani ya tuna ai shi ne mai kwasar 'yan makaranta. Daga nan magana ta fi ƙarfin kowa.

'Yan sanda sun kira mu, ni da shi, kamar yadda ya kamata. Na kai musu duk hotunan ranar a jere, har wanda Ummi take juyi kafin a kama ta. Haladu kuma ranar da yarinyar ta ɓata yana asibiti tun safe, matarsa tana haihuwa, mutane da yawa sun gan shi. Ba mu daɗe ba suka sallame mu, har jami'in ya ce masa ya yi haƙuri. Amma wani ya ɗauke shi a waya yana shiga ofishin. Fitowarsa ba wanda ya ɗauka. Sai aka ce an kama shi. Da aka gan shi a gari washegari, aka ce manya sun sa baki.

Malam Habu da kansa, mutumin da ya binne 'yarsa, ya miƙe bayan sallar Juma'a ya ce don Allah a ƙyale bawan Allahn nan, shi ne ya ce a bar shi a hoton. Waɗanda ke masallacin sun ji, sun yarda. Amma mutanen masallaci nawa ne a kan mutanen waya? Da maganar ta kai can, wasu suka ce an tsorata shi, wasu suka ce uban ma a bincike shi. Malam Habu ya kashe wayarsa ya koma gona.

Ni ma na gwada. Ɗaya daga cikinku, ba zan kunyata shi ba, ya ce in yi bayani ya ɗauke ni. Na sa babbar riga na zauna na fara daga Oga Lasisi, yadda na fara muku yanzu. Ban kai rabi ba ya ce, "Baba, wallahi ya yi tsawo, ba wanda zai kalla. Ka ce kawai ba shi ba ne." Na ce ta yaya za su gane riƙon in ba su san dalilinsa ba? Ya yanke ya bar inda nake cewa ni na sa shi ya kama ta. Aka watsa. Amsar farko da aka karanto mini ita ce, ashe mai hoton ne yake nuna musu yaran. Daga nan iyaye suka rage kawo mini 'ya'yansu. Ni tsoho ne, na kusa ajiye aikin dama, ban damu da nawa ba kamar nasa.

Haladu kam abin ya ci shi da rai. Iyayen 'yan makarantar nan suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya zage shi a fuska, sai dai ya yi hon a ƙofa a leƙo a ce yau babansu zai kai su. Wani da ya san gaskiya ya ce masa, "Haladu, na san ba ruwanka, amma uwar yaran ta ƙi, ka san halin mata." Mace za ta tsayar da shi a titi, ta leƙa ta ga fuskarsa, ta ce ta fasa. Aka jefi gilashin adaidaitar, mai ita ya zo ya karɓe makulli, ya ce shi dukiyarsa yake ji. Matarsa in ta je famfo sai hira ta mutu. Ranar sunan jaririnsu na je, tabarmin da aka shimfiɗa ko rabi ba su cika ba. Wallahi ranar na ji kunyar garin nan, na kuma gaji, irin gajiyar da barci ba ya sauke ta.

Na ce masa ya daure har a fara shari'a, gaskiya za ta fito a gaban kowa. Ya ce, "Baba, in an yanke wa wancan hukunci za su ce an rufa mini asiri. In an sake shi za su ce dama ni ne. Ta ina zan fita?"

Makon jiya da hantsi ya shigo shagon nan. Ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Muka gaisa, na tambayi mai jego da jariri, ya ce suna Gagarawa Tasha wurin iyayenta. Ya ce hoton fasfo yake so. Kawunsa a Damagaram ya samo masa aikin lodi a tashar manyan motoci, an ce ya zo da hoto a yi masa kati.

Na ce, "Can ma ai akwai waya, Haladu."

Ya ce, "Akwai, Baba. Amma lodi buhu ne. Ba ruwana da ɗan kowa."

Akwai wata mata a zaune tana jiran in gama wanke mata hoto, da ɗanta da bai daɗe da fara tafiya ba. Baƙuwa ce daga ƙauye, ba ta san shi ba. Na juya ina gyara farin labule, sai yaron ya sauko daga cinyarta ya nufi fitilar hoto yana tangaɗi. Ƙafarsa ta harɗe da wayar wuta, ya tafi zai kifa, daidai gaban Haladu. Miƙa hannu kawai zai yi ya tare shi. Na ga hannun ya fara tafiya da kansa, sai ya fizge shi ya mai da baya, ya ja da baya har ya bugi bango. Yaron ya faɗi da baki ya tsala ihu.

Haladu yana manne da bango yana cewa, "Baba, ɗauke shi! Don Allah ɗauke shi!"

Uwar ta riga ni. Ta suri ɗanta tana share masa jinin leɓe, ta dubi Haladu sama da ƙasa ta ce, "Kai wane irin mutum ne? Yaro zai faɗi a gabanka ka tsaya kallo? Ba ka da 'ya'ya ne?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya."

Da ta fita na zaunar da shi a kan kujera gaban labule. Na gyara masa hula, na ɗago masa haɓa da yatsa yadda nake yi wa kowa. Na leƙa kyamara na ga kafaɗunsa sun karkace, don har lokacin hannayensa biyu suna bayansa, ɗaya ya damƙe ɗaya.

Na ce, "Haladu, saki hannunka ka ɗora a cinya. Hannu ba ya fitowa a fasfo."

Ya ce, "Bari dai, Baba. Ɗauka a haka."

Na ɗauka a haka.